Allurar barci da allurar baya: tambayoyin da ake yi a bakin ɗakin tiyata a Sakkwato

Duk wanda ya taɓa zaman jinya a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ko Asibitin Ƙwararru, ko na Mata da Yara na Maryam Abacha, ya san irin hirar da ake yi a kan tabarma ana jiran a fito da mutum. Abin mamaki, ba wuƙar aka fi tsoro ba, allurar ce. Wannan ta ji an ce ta gurgunta wata a Gwadabawa, wancan ya ji an ce wani bai farka ba. Ga tambayoyin da suka fi maimaituwa, da amsoshinsu daga binciken da aka yi a kan marasa lafiya na gaske.

Allurar barci da allurar baya ba abu ɗaya ba ne?

A'a. A barci na gaba ɗaya ana zuba magani ta jijiyar hannu, sau da yawa wani fari kamar madara mai suna furofofol, kafin ka ƙirga ashirin ka tafi. Daga nan sai a zura bututu a maƙogwaro, na'ura ta riƙa yi maka numfashi tana haɗawa da iskar da ke riƙe barcin. A allurar baya kuwa idonka biyu, ana sa maganin ne cikin ruwan da ke kewaye da jijiyoyin gadon baya, sai jiki ya mutu daga wajen ƙirji ko cibiya zuwa ƙasa na kamar awa 2 zuwa 3. Akwai 'yar'uwarta, efidural, wadda ake barin siririyar roba a bayan ana ƙara magani kaɗan-kaɗan. Sai kuma ta kashe wuri ɗaya, irin wadda ake yi wajen cire haƙori ko ɗinke rauni.

Da gaske ne allurar baya na gurgunta mutum, ko ta bar shi da ciwon baya har ya mutu?

Wannan ita ce uwar tambayoyin. Lakar baya ba ta kai har ƙugu ba, a jikin babba tana ƙarewa ne daidai wajen haƙarƙarin ƙarshe ko ƙasa da shi kaɗan. Allurar kuwa ƙasa da nan ake sa ta, inda jijiyoyin suka warwatsu cikin ruwa kamar gashin wutsiyar doki. Shi ya sa ake cewa ki zauna ki duƙar da kai ki turo baya, don gaɓoɓin su buɗe, kuma kada ki motsa.

A shekarar 2009 likitocin sa barci na Birtaniya sun fitar da sakamakon bin diddigin duk allurar baya da aka yi a ƙasarsu cikin shekara guda, kusan 700,000. A cikin masu haihuwa, ko da ƙidaya mafi tsanani, lahani mai ɗorewa bai wuce kamar mace 1 cikin 80,000 ba. Lissafin can ne, inda kayan aiki suka wadata, amma ya nuna cewa idan hannu ya iya, allurar ba ta da wannan mugun halin da ake ɗora mata. Ciwon baya kuma an gwada: an kwatanta matan da aka yi wa efidural da waɗanda ba a yi wa ba, bayan watanni ba a ga bambanci ba. Ciki wata tara, ga daka, ga jan ruwa a rijiya, ga goyo, sun isa su sa baya ciwo ko babu allura. Wurin da aka soka dai yakan yi tsami na 'yan kwanaki.

Abubuwan da takan jawo da gaske su ne faɗuwar awon jini, tashin zuciya, rawar ɗari, da wani irin ciwon kai mai tsananta idan an tashi zaune, ya lafa idan an kwanta. Faɗuwar jinin ce ta sa ake fara ɗaura ruwa, ana kuma ajiye allurar tayar da shi a kusa. Ciwon kan nan kuwa tsohon abu ne. Likitan da ya fara allurar baya a Jamus a 1898, August Bier, shi da mataimakinsa sun gwada ta a jikin juna, kuma dukkansu sun kwanta da ciwon kai. Daga baya bincike ya gano cewa ruwan bayan ne ke tsiyaya ta ƙofar da allura ta huda, kuma siririyar allura mai baki kamar fensir ta fi rage shi nesa ba kusa ba. Idan ya same ki bayan an sallame ki, koma asibiti ki faɗa musu an yi miki allurar baya, kada a tsaya ana ta ba ki maganin zazzaɓin cizon sauro.

Me ya sa a tiyatar haihuwa suka fi son baya? Ni dai gara a sa ni barci kada in ga komai.

Ba za ki ga komai ba, ana tare gabanki da mayafi. Za ki ji ana taɓawa, ana ja, ana danna ciki lokacin fito da jariri, amma ba zafin yanka ba. Idan kin ji zafi, faɗa nan take, akwai abin da za a ƙara.

Dalilin zaɓin shi ne jikin mai ciki ba kamar na kowa ba ne. Maƙogwaronta kan kumbura, zura bututu ya yi wuya. Iskarta kan ƙare da sauri. Abincin da ke cikinta kuma yakan daɗe bai wuce ba idan naƙuda ta kama, to idan ta yi barci zai iya tasowa ya faɗa huhu. Wani likitan mata a Amurka, Curtis Mendelson, ya bayyana wannan haɗari tun 1946. A 2016 kuma an tattara binciken ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, aka ga kusan 1 cikin 7 na matan da suka rasu bayan tiyatar haihuwa matsalar sa barci ce sanadi, kuma haɗarin ya fi yawa ga waɗanda aka sa barci gaba ɗaya. Da allurar baya ke kike numfashi da kanki, maganin da ke isa ga jariri kaɗan ne, kuma kunnenki ne zai fara jin kukansa.

Akwai dai lokacin da dole sai barcin: idan jini ya tsinke sosai, ko jijjiga ta gusar da hankali, ko jinin ba ya daskarewa yadda ya kamata, ko akwai ƙurji daidai inda za a soka.

To me ke sa wasu su shiga ba su fito ba?

A 2016 an yi wani babban bincike a asibitoci 247 na ƙasashen Afirka 25, har da Najeriya, aka bi marasa lafiya sama da 11,000 da aka yi wa tiyata. Kimanin 2 cikin 100 sun rasu, ninki biyu na abin da aka saba gani a duniya, alhali mutanenmu sun fi ƙuruciya, kuma ayyukan ba su kai na can girma ba. Abin lura shi ne fiye da 9 cikin 10 na waɗanda suka rasu ba a ranar aikin suka rasu ba, sai a kwanakin da suka biyo baya, a ɗakin kwanciya. A ɓangaren tiyatar haihuwa, mace 1 cikin 200 ce ta rasu, kusan ninki 50 na ƙasashe masu arziki, kuma tsinkewar jini na kan gaba.

Wato ba a kan gadon tiyata aka fi asarar rai ba. Ana asararsa ne inda nas ɗaya ke da gadaje masu yawa da dare, ba a lura jini na zuba ko numfashi na sauya ba. Ma'aikatan ma ba su isa ba: ƙungiyar likitocin sa barci ta duniya na son a samu aƙalla 5 ga kowane mutum 100,000, Najeriya kuwa ko 1 ba ta kai ba, shi ya sa a asibitocin ƙananan hukumomi nas-nas da aka horar ne ke riƙe aikin. Sannan ga jinkiri. Matar da ta kwana biyu tana kan gwiwa a wani ƙauyen Tangaza ko Isa, aka sha rubutu, aka jira mai gida ya dawo daga kasuwa, aka nemi mota, ta iso jini ya ƙare, mahaifa na shirin fashewa. Idan ta rasu sai a ce allura ce.

Mai jinya na da aiki a nan. Idan kin ga ƙunzugu na jiƙewa da sauri, ko tafin hannu ya yi fari, ko numfashi na sauri, ko ana tashinta ba ta farkawa sosai, kada ki ji nauyin kowa. Je ki kira, in ba a zo ba ki sake komawa.

An ce kada ya ci komai. Ko ɗan kunu?

Ko ɗan kunu. Ƙa'idar ita ce awa 6 babu abinci, kuma kunu, koko, fura da nono, shayi da madara duk abinci ne. Ruwa zalla ana iya sha har zuwa awa 2 kafin aiki idan likita ya yarda, abin da ke da amfani ƙwarai a zafin watan Afrilu na Sakkwato. Jariri mai shan nonon uwa awa 4 ne. Idan tausayi ya sa Inna ta ba shi wani abu a ɓoye, a faɗa. Ɗage aiki na 'yan awoyi ya fi amai a huhu sauƙi.

Me ya kamata in faɗa wa likitan kafin a shiga?

Hawan jini, ciwon suga, asma, sikila, farfaɗiya, ciwon zuciya, maganin da ya taɓa fito maka da ƙuraje ko kumburi, haƙori mai girgiɗi, da ko wani a danginku ya taɓa samun matsala da allurar barci. Waɗannan ba a cika ɓoye su ba. Wanda ake ɓoyewa shi ne tiramol da kodin, da taba, da wiwi. Gwamnati ta hana maganin tari mai kodin tun 2018, amma kowa ya san ba a daina sha ba. Jikin da ya saba da irin waɗannan ba ya jin adadin da ake ba kowa, sai a tashi daga aiki cikin azaba, ko jiki ya ɗauki rawa saboda an yanke masa abin da ya saba. Likitan ba ɗan sanda ba ne, lissafi yake son yi. Ka ce a fitar da 'yan'uwa ka faɗa masa ku biyu. Haka saiwoyi da jiƙe-jiƙe da hakin maye, Hajiya, a ambace su, don ba a san abin da aka haɗa a ciki ba.

Wani ƙaramin abu: 'yar na'urar nan da ake maƙala wa yatsa tana auna iskar da ke cikin jini da haske take aiki. Jan farce da baƙin lalle na iya rikita ta, saboda haka mai shirin haihuwa ta bar yatsa ɗaya ko biyu babu ƙunshi. Wani bincike na Jami'ar Mishigan a 2020 ya nuna ma takan kasa gano ƙarancin iska a jikin baƙar fata kusan sau uku fiye da farar fata, don haka likita mai lura ba ya dogara da lambar kaɗai, yana duban mutumin.

Ana cewa mutum na tona asirinsa idan allura na sakinsa.

Yawanci wata allurar barci mai suna ketamin ce ta jawo wannan magana. Tun wajen 1970 ake amfani da ita, kuma asibitocin karkara na ji da ita saboda ba ta cika tsayar da numfashi ko kayar da awon jini ba. Aibinta shi ne mafarkai da gane-gane lokacin farkawa, sai mutum ya yi ta sambatu, wani kuka, wani waƙa, wani salati. Sambatu ne irin na mai zazzaɓi, ba shi da kai ba shi da gindi, kuma akan haɗa ta da wani magani mai kwantar da shi. A bar mutum a wuri shiru, a daina taruwa a kansa, kada kuma wani ya ɗauke shi a waya.

Zan iya farkawa ana tsakiyar aiki?

Yana faruwa, amma da wuya. Binciken Birtaniya na 2014 ya samu kamar rahoto 1 cikin kowane mutum 19,000 da aka sa barci. A tiyatar haihuwa da barcin gaba ɗaya ya fi yawa, kusan 1 cikin 670, saboda ana taƙaita magani don jariri. Wannan ma wani dalili ne na fifita baya.

Ba abin kunya ba ne mace ta nemi maganin zafin naƙuda? Iyayenmu ai dauriya suka yi.

Sun yi, Allah Ya saka musu. An tarbiyyantar da 'ya mace, musamman a haihuwar fari, cewa kada a ji bakinta, kada kishiya ko dangin miji su samu abin faɗa. Wata ma takan ɓoye naƙudar har sai abu ya yi nisa. Amma shirun ba ya nufin babu zafi, kuma yana da tsada: wadda ba ta magana ba a sanin lokacin da ciwonta ya tashi daga na naƙuda ya koma na haɗari. Nana Maryam, da darajarta, Alƙur'ani ya ba da labarin yadda naƙuda ta kai ta jikin dabino har ta yi fatan da ta mutu kafin wannan rana. Ba a zarge ta ba, an ce mata kada ta yi baƙin ciki, aka nuna mata ruwa da ɗanyen dabino.

Turawa ma sun yi wannan gardama. Likita James Simpson ya fara shaƙa wa masu haihuwa kulorofom a Edinbara a 1847, shekara guda bayan an nuna aikin wani maganin sa barci da ake shaƙa mai suna ether a Boston, kuma ya sha suka. Sai da Sarauniya Biktoriya ta karɓa wajen haihuwar ɗanta na takwas a 1853 sannan bakuna suka fara mutuwa.

Yau Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na 2018, ta ce a ba mace mai naƙuda maganin zafi idan ta nema. Efidural ce ta fi kowanne aiki, kuma binciken da aka tattara ya nuna ba ta ƙara yawan tiyata, sai dai takan ɗan tsawaita lokacin yunƙuri. Matsalarta a wurinmu tana buƙatar likitan sa barci a kusa da kuma kuɗi, don haka a babban asibiti ake tambayarta, tun lokacin awo. Abin da aka fi samu shi ne allurar fentazosin ko fetidin. Suna rage kaifin ciwon ne, ba sa kashe shi, suna sa jiri da gyangyaɗi, kuma ba a son yin su dab da haihuwa don kada jariri ya fito da kasalar numfashi.

Akwai kuma maganin da ba a saye. An tattara gwaje-gwaje 26 da suka shafi mata sama da 15,000, aka ga wadda ke da mai zama da ita tun farko har ƙarshe, tana riƙe ta, tana murza mata baya, tana ba ta baki, naƙudarta ta fi gajarta, buƙatar magani ta ragu, tiyata ma ta ragu. Abin da gwaggo da ungozoma ke yi a ɗaka ke nan tun da can. A ganina ɗakunan haihuwarmu ne ya kamata su nemo yadda za su bar mace ɗaya ta shiga da ita, ko da labule ne za a sa tsakanin gadaje.

Bayan aiki fa? Maganin ba zai shiga nono ba?

Hanyar da bincike ya fi goyon baya ita ce a haɗa magunguna masu aiki ta hanyoyi daban-daban, farasitamol da dikulofenak a kan lokaci, sannan mai ƙarfi idan an buƙata, maimakon a jira sai ciwo ya kai maƙura. Idan nas ta ce ki ba ciwon maki daga 0 zuwa 10, faɗi gaskiya, da shi ake auna abin da za a ba ki. Wadda ba ta jin azaba ita ke iya tari, ta tashi ta taka da wuri, jini bai daskare mata a ƙafa ba. Farasitamol da ibufurofen ba sa hana shayarwa. Kodin da tiramol ne ake guje wa ga mai jego, don suna iya sa jariri barci mai nauyi. Mai gyambon ciki, ko ciwon ƙoda, ko wadda ta yi jijjiga, kada ta sayi dikulofenak da kanta a kemis. Ruwan zafin jego kuma a nisanta shi daga ɗinki har ya warke.

Yara ƙanana fa, ba ta taɓa musu ƙwaƙwalwa?

An gwada a jarirai 722 da aka yi wa aikin ƙaba a ƙasashe 7, rabi da barci na ƙasa da awa guda, rabi da allurar baya. Da suka kai shekara 5 aka auna basirarsu, ba a ga bambanci ba. Sakkwato ma ta san sa yara barci a yanayi mai wuya: a Asibitin Yara na Noma, wanda aka buɗe a 1999, ana yi wa masu zaizayar baki aiki, wasunsu muƙamuƙinsu ya manne ba ya buɗuwa, sai an bi ta hanci da siririyar na'ura mai gani kafin a kai bututun numfashi. Idan yaro na mura ko tari ranar aiki, a faɗa, wataƙila a ɗage.

An kawo min takarda wai ana bincike. Gwaji za a yi da ni?

Tsoron nan yana da tushe. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da ya shafi yara kusan 200. Yara 11 sun rasu, iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, aka yi shekaru ana shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009. Arewa ba ta manta ba, kuma bai kamata ta manta ba.

Tun 2007 Najeriya na da kundin ƙa'idojin binciken lafiya na ƙasa, kuma duk bincike sai kwamitin ɗa'a na asibiti ya amince kafin a fara. Haƙƙinki ne a yi miki bayani da Hausa, a gaya miki abin da za a ba ki da illarsa, a ba ki lokaci ki yi shawara. Kina iya cewa a'a, kina iya fita ko bayan kin shiga, kuma ba za a rage miki kulawa ba. Akasarin binciken sa barci da likitoci masu neman ƙwarewa ke yi a asibitocin koyarwa kwatanta magunguna biyu ne da aka riga aka sani, a ga wanne ya fi daɗewa yana aiki ko ya fi rage amai. Ƙuri'a ce ke raba mutane gida biyu, don kada son ran likita ya shiga, kuma duk gidan da kika faɗa, idan zafi ya taso akwai maganin da aka tanada.

Mun kuma ci moriyar waɗanda suka yarda. Allurar maganiziyam da ake yi wa mai shirin jijjiga, gwajin mata sama da 10,000 ne a 2002 ya tabbatar tana rage ta fiye da rabi. Maganin tsayar da jini na tiranezamik, gwajin mata 20,000 ne a 2017, dubbai daga cikinsu 'yan Najeriya, ya nuna yana rage mutuwa daga zubar jini da kusan kashi ɗaya cikin uku idan an ba da shi cikin awa 3. A 2023 kuma wani gwaji a asibitoci 80 na ƙasashe huɗu, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta jagoranci ɓangaren Najeriya, ya nuna shimfiɗa leda mai awo a ƙarƙashin mai haihuwa da haɗa magunguna lokaci guda na rage mummunar zubar jini da kashi 60 cikin 100.

Wa ke sa hannu idan mai gida ba ya nan?

Mace baliga mai hankalinta tana da ikon sa wa kanta hannu ko dangwala yatsa, kuma dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana a ƙi duba mai buƙatar agajin gaggawa. Amma mun san yadda gidajenmu suke, mace da yawa ba za ta yarda a taɓa ta ba sai da izininsa. To, Alhaji, a gama wannan magana tun cikin yana wata bakwai. Ka faɗa a gabanta da gaban mahaifiyarka cewa idan likita ya ce aiki, ka yarda ko kana Illela ko kana Legas. Ka bar lambar da za a same ka, ka ware kuɗin mota, ka kuma nemi mutum biyu cikin dangi da aka auna jininsu, waɗanda za su zo ko da tsakar dare ne aka kira su.